Na Kulle Akwatin Waya a Cikin Adaka

Hajiya Sadiƙa, sallama da gaisuwa. Ki taimake ni da shawara, don abin nan ya hana ni sukuni, kuma ba zan kai shi majalisa a yi mini dariya ba. Ban yi boko ba. Da baki nake faɗa maƙwabcina yana rubutawa, na kuma ja masa kunne kada ya gyara mini magana.

Atamfa na sayar a kasuwar Garuwa har ido ya gaza. 'Yata Nafisatu tana aure a Faransa. Wayar shafe-shafen nan ba ta jituwa da yatsuna, shi ne da ta zo gida bara ta kira wani mai gyara, Narcisse, ya haɗa mini waya irin ta da, mai mariƙi da igiya, sai dai ta intanet take bi. Akwai ɗan akwati mai fitilu, bokis suke ce masa, shi ke kamo rezo, wato sabis, ya ba wayar. Ya ɗiga jan farce a kan maɓalli ɗaya, wai in na danna Nafisatu za ta ɗauka. Ban taɓa dannawa ba. Ita ce ƙarama, ita ke kira, duk Juma'a bayan an sauko masallaci.

To sai 'yan moto, masu acaɓa, suka mai da gindin katangata tasha, kowa kai a sunkuye yana danne-danne. Aka ce mini rezona suke sha. In kore su yau, gobe su dawo. Ni kuwa tun ina saurayi, abin da ba na so a taɓa adaka nake sa shi. Na huda adakar ƙarfe da ƙusa, na zura igiyoyin, na sa bokis a ciki, na buga kwaɗo. Washegari babu ɗan moto ko ɗaya. Na ce na yi maganinsu.

Juma'a ta zo, shiru. Wata ta zo, shiru. Nafisatu ta kira uwarta Halime a wayar hannu, wai tana nemana ba ya shiga. Na ce ƙarya ne, ga fitilar wayata tana ci. Halime ta miƙo mini tata, na ƙi karɓa. Ni ba almajiri ba ne da za a gaishe ni a wayar aro.

Ana haka Nafisatu ta haifi ɗan fari. Ta aiko in zaɓi suna, in yi wa yaron addu'a ranar suna. Na ce mai son sunana ya san lambata. Ranar na sa babbar riga na zauna gaban wayar tun hantsi har azahar, ba ta yi ƙara ba. Na ce wa Halime ta gaya mata ba ta da uba a Garuwa. Shekara da shekaru matar nan tana rage mini saƙo a hanya, wannan kaɗai ta isar cif.

Daga baya surukina Sharif ya turo Narcisse. Da na buɗe adaka, bokis ya yi zafi kamar burodi daga tanda. Wai rezo ba ya ratsa ƙarfe. To me ya hana shi faɗa mini tun ranar farko? Yanzu waya ta gyaru, amma Nafisatu ta daina kira. Ta ce wa uwarta ƙarshen wata za ta rufe layin, tunda ba a so. Sai shekaranjiya Halime ta gaya mini sunana aka sa wa yaron. Ko kukansa ban ji ba.

Hajiya, ashe ba ita ya kamata ta fara nemana ba? Ni na haife ta fa.

Dattijo a Djamboutou, Garuwa

Amsa

Baba, Allah ya ƙara girma. Ban ga wauta a kare kayanka ba, kuma da Narcisse ya yi maka bayani tun farko, da ba a kai nan ba. Nafisatu ma da ta turo shi tun makon farko ya fi. Amma adaka rezo kaɗai ta tare. Da aka miƙo maka wayar Halime ka kau da kai, wannan ba aikin ƙarfe ba ne.

Gyaran wayar mai sauƙi ne. A bar bokis a sarari, a sama, kusa da taga, kada a rufe shi ko da ƙyalle. Maganin 'yan moto shi ne Narcisse ya canja lambar sirrin bokis ɗin. Ya kuma haɗa maka ɗan batir saboda ɗauke wuta, ya nuna wa Hajiya Halime fitilar da ke nuna akwai rezo, don fitilar waya daban take. Duk ranar da shiru ya yi yawa, a fara duba wannan kafin a zargi mutum.

Batun wa zai fara kira kuwa, ai ta riga ta kira. Makonni ta yi tana nemanka da tsohon ciki, ka ce ta yi ƙarya. Ka ce ba ta da uba, ta amsa maka da sa wa ɗanta sunanka. Ka san ba za ta iya ambatar sunan nan ba, Abba za ta riƙa ce masa safe da yamma. Wadda ta yar da ubanta ba ta yin haka.

Kada ka jira ƙarshen wata, kada ma ka jira Juma'a. Ka sake sa babbar rigar nan, ka danna jan maɓallin. In kalmar haƙuri ta yi maka nauyi, fara da cewa a ba ka takwaranka, ka yi masa addu'ar da ya rasa ranar suna. Bayan ita ka janye waccan maganar da bakinka, ba ta bakin Halime ba.

Allah ya raya takwara, ya sa kukansa ya cika maka ɗaki.

Hajiya Sadiƙa