Bafataken Ladidi Yana Tsakiyar Kogi

Zuwa ga Yayana Sule, a duk inda wannan ta same ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mutanen gida na Karaye suna gaishe ka, har da dangin Ruwan Bago. Tun da ka tafi cin rani Kudu muka ji shiru, shi ya sa na bar takardar nan a buɗe, ko wani mai karantawa zai kai maka labari. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure.

Ka tuna wasan da ka ƙirƙiro mana a gindin tsamiyar unguwar Daura? Kowa ya ɗauki marfin kwalba ya zama jaruminsa, kai kana jan labari, in an zo wurin haɗari a kaɗa ɗan lido ya yanke hukunci. To, yaran gidanmu sun matsa mini, yanzu ni ke zama a gurbinka duk Juma'a in an sauko daga masallaci.

Abin da ka koya mini na riƙe. Ranar da na zo da wani ƙato ɗan tauri wanda kibiya ba ta kama shi, dariya ka yi har da riƙe ciki. Ka ce, "Jarumi marar lago turmi ne, sai dai a mirgina shi." Ka tilasta mini na ba shi tsoron kaza. Kuma ba ka ba kowa takobi sai ya faɗi kirarin mutuminsa da wanda ke jiransa a gida. Haka nake yi musu.

Ladidi ce ta rikita ni, 'yarka da ka bari tana rarrafe, wadda yanzu ita ke tuƙa mana tuwo. Sauran yara sun zo da maharba da 'ya'yan aljanu, ita kuwa bafatake ta kawo, da jaki ɗaya, yana neman hanyar garinsu. Na tambayi sunansa, ta sunkuyar da kai. Ka san 'ya ba ta kama sunan ubanta. Wa ke jiransa? Wata yarinya. Lagonsa fa? Ta ce mantuwa. Wallahi Yaya, tarin ƙarya na yi don kada yara su ga idona.

Mun daɗe muna tafe da shi. Ya tsere wa dodo, ya yi ciniki da sarkin kuraye. Juma'ar da ta wuce ya iso kogin bayan garinsu, ruwa ya kawo. Ladidi ta kaɗa ɗan lido, ɗaya ta faɗo. A dokarka wannan nutsewa ce. Kai ne ka ce, "Ba a roƙon ɗan lido, in an roƙe shi wasa ya koma tatsuniya." Haka ka kashe mini ƙatona ina kuka, ka miƙo mini wani marfin.

Na ɗago kai, na ga ba marfin take kallo ba, bakina take kallo. Sai na ce a tashi la'asar ta yi, alhali ladan ko alwala bai yi ba.

In na bi doka, ni zan fara furta abin da ko Inna ba ta yarda a furta a gidan nan ba. In na tsallakar da bafataken, yarinyar tana da wayo, za ta gane tausayi ne, kuma na sa mata rai a kan abin da ni ma ban sani ba. Wa zan tambaya, tun da mai dokar ba ya nan?

Ina kewarka, Yaya, ina kuma jin haushinka, na rasa wanne ya fi yawa.

Jibi Juma'a. Abin da na iya shiryawa kawai shi ne ruwa ya tafi da jaki da kaya, amma ba a ga gawa ba. Na san za ta ce a sake kaɗawa a nemo shi, kuma ban san ta inda zan hana ta ba.

In kana raye, Allah Ya karkato da zuciyarka gida. In kuwa ka riga mu, Allah Ya jiƙanka, Ya turo wanda zai sanar da mu, don yarinyar nan ta san wace addu'a za ta yi maka. Amin.

Ƙaninka,
Garba