Salak a Cikin Kwalekwalen Norbert

Wisconsin, Amurka, Nuwamba 1951

Zuwa ga mijina Norbert,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya jiki? Tarin ya fara sassautawa kuwa? An ce a asibitin nan a baranda ake kwantar da masu tarin fuka, wai iska mai sanyi magani ce, to don Allah ka roƙi ƙarin bargo, kada ka ji kunya. Mu nan lafiya lau. Mama tana sa maka albarka, 'yarka Rosalie kuma ta ce in gaya maka haƙorinta na gaba ya fita.

Ka ce kada in ɓoye maka komai game da gidan abincinmu. Ma'aikatan lafiya sun zo sun ɗauki hoton ƙirjinmu mu uku, sun ce ba mu ɗauke da komai. Sun ba ni takarda na manna a bakin ƙofa, amma sai an zo bakin ƙofar sannan a karanta ta. Gladys mai taya mu hidimar baƙi ta daina zuwa aiki. Ta aiko ƙanwarta ta ce mijinta ne ya hana ta saboda jaririnsu. Ban ga laifinta ba.

Ka san yadda Juma'a take a nan, ranar soyayyen kifi, ko wurin ajiye mota ba a samu. Juma'ar da ta wuce ni da Mama muka jera kujeru, muka zauna muna kallon titi. Can sai ga Elmer bakanike, ya zauna a wurinsa na kullum. Na kawo masa farantin salak da karas da kokwamba mai tsami kamar yadda ka saba kai masa. Norbert, sai ya tsaya yana kallon babban yatsana da ke gefen farantin. Da na juya, ya zaro hankici yana goge cokalinsa a ƙarƙashin tebur, a zatonsa ban gani ba.

Na ce, “Elmer, ko in kawo ruwan zafi ka wanke ni ni ma?”

Ya ce, “Haba Leona, ke ma dai. Uwargida ce ta sa na yi mata alkawari.”

Ya cinye kifin tas, tunda daga tafasasshen mai ya fito. Salak ɗin ko taɓawa bai yi ba. Na koma kicin na tsaya ina duba hannayena, su ne dai waɗanda ka sani.

A coci ma bencinmu ya yi faɗi. Mama ta ce ta ji daɗi, yanzu tana samun wurin ajiye jakarta.

Ka ci duk abin da suka ba ka ko ba daɗi. Allah Ya ba ka lafiya.

Ni ce matarka,
Leona

Janairu 1952

Zuwa ga Norbert,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ina fatan zazzaɓin da ka ce yana zuwa maka da yamma ya bari. Na ji daɗin ganin rubutunka, ko da yake ya ƙanƙance. Idan riƙe alƙalami yana gajiyar da kai, layi ɗaya ya ishe ni.

Na yi wani abu ba da saninka ba, gara ka ji daga bakina. Bayan Kirsimeti na ce wa Mama mu rufe kawai. Ta buga ludayi a kan tukunya ta ce, “Gidan da ɗana ya gina da hannunsa? In hannunmu suke ƙyama, su zo su ɗiba da kansu mana, kamar aladu a bakin komi!” Ita faɗa take yi, ni kuwa maganar ta zauna mini. Na leƙa ta taga, sai na ga kwalekwalenka a kife a bayan gida, dusar ƙanƙara ta rufe shi.

Na kira yayana Alois. Muka wanke shi, muka shafa masa farin fenti. Da muka zo shigo da shi sai ya ƙi wuce kwanar ƙofa. Alois ya ce, “Ko dai mu fasa bango ko mu rage masa gindi, zaɓi ɗaya.” Norbert, na ce ya kawo zarto. Fita na yi har ya gama, don ba zan iya jin ƙarar ba. Na san ka ce da shi za ka fara fita kamun kifi ranar da aka sallame ka.

Yanzu yana tsakiyar ɗakin cin abinci a kan ƙafafun katako. Alois yana yanko ƙanƙara daga tafki ya cika shi, ni kuma in nutsa kwanoni a ciki: latas, kabeji, karas, albasa, dankali da ƙwai, cuku, da kifin nan mai tsami na Mama. Kowane kwano da cokalinsa. Muka rataya gilashin tsohuwar taga da sarƙa a samansa, yadda numfashin kowa ba zai sauka a kan abincin ba. Faranti a gefe, kowa ya ɗauka ya zuba abin da yake so.

Elmer ne ya fara gani. Ya zagaye shi ya ce, “To fa! Leona, in na ci na ƙoshi, ni zan tuƙa ko ke?” Ya cika faranti har yana zuba. Mako na gaba ya zo da uwargidan tasa. Ta duba gilashin, ta duba cokulan, ta ce, “Wannan tsafta ce.” Daga nan mutane suka fara dawowa, har da waɗanda ban taɓa gani ba.

Abin dariya, ni ce dai nake yanka komai a kicin da hannayen nan. Tunda ba sa gani, shi ke nan. Nakan tsaya a bayan kantar karɓar kuɗi ina kallonsu sun yi layi, ba mai buƙatar in matso.

In ka yi fushi ka faɗa mini, kada ka yi shiru.

Taka har kullum,
Leona

Yuni 1952

Mijina Norbert,

Ina gaishe ka, ina fatan kun isa lafiya jiya, kuma girgizar mota ba ta tayar maka da ciwon aikin ba. Alois ya ce ka yi barci a hanya. Mama tana gaisuwa. Rosalie tana nan, ta ci abinci.

Akwai abin da na kasa faɗa jiya. Da likita ya ba ka izinin wuni ɗaya, na ɗauka za ka shigo gidanka. Na wanke labule, na sa rigar da kake so. Da Alois ya tsayar da mota na ga yadda kafaɗarka ta dama ta faɗa inda suka cire haƙarƙarin. Ka ce, “Kada ki yi wannan fuskar, Leona, sun rage mini kaya ne.”

Lahadi ce, an taso daga coci, ɗaki a cike. Ka daɗe kana kallon layin mutane ta taga. Ka ce, “Wancan nawa ne? Ya fi kyau da fenti. Bai taɓa kama abinci mai yawa haka a ruwa ba.” Na yi dariya don ka yi. Na ce ka sauko. Ka ce, “In na shiga, kafin in kai kanta rabinsu sun fita. Kawo mini nan.”

Na ce, “Gidanka ne fa.” Sau ɗaya na faɗa, Norbert. Da ka girgiza kai ban sake ba. Ina tafiya ɗauko maka farantin sai na ji wani sauƙi a raina, sauƙin cewa ba za su gan ka ba. Tun jiya abin yake cina. Ban san lokacin da tsoronsu ya shige ni ba.

Kuma mutane nawa suka wuce ta gefen motar? Waɗanda ka yi wa hidimar bikin 'ya'yansu. Wasu sun gane ka, na ga sun gane. Elmer kaɗai ya ɗaga hula daga nesa.

Ka ci loma biyu ka ajiye, ka ce ka ƙoshi. Rosalie tana tsaye a kan matakala inda aka ce ta tsaya, tana nuna maka sabon haƙorinta da yatsa. Da mota ta tashi ta tambaye ni, “Mama, in na riƙe numfashina, zan iya rungumarsa?” Na ce sai wani zuwan.

Ka yafe mini. Wani zuwan, ko za a watse gaba ɗaya, da hannuna zan shigo da kai.

Matarka mai kewarka,
Leona

Nuwamba 1952

Zuwa ga 'yar'uwata Celia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun koma Milwaukee lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙarin haƙuri? Ke kin rasa ɗan'uwa, ni na rasa miji, Mama kuwa ban san sunan abin da ta rasa ba. Tana nan, tana tashi tana aiki, amma ta daina faɗa. Na gode da zaman da kika yi da mu bayan jana'iza.

Kin ce in rubuto idan asibiti sun aiko da kayansa. Ba su aiko da komai ba. Sun ce doka ce, ƙonewa ake yi, har da wasiƙuna.

Wani abu ya faru ranar Juma'a da nake so ki sani. Da yamma, ɗaki a cike, sai na ga wani dogon mutum ramamme a bakin ƙofa, hula a hannu, ya ƙi shigowa. Kafaɗarsa ɗaya a faɗe take. Kowa a garin nan ya san ma'anar wannan kafaɗa. Na fita wurinsa. Ya ce, “Ke ce Leona? Sunana Vernon Haas. Gadona yana kusa da na maigidanki. An sallame ni, na warke, ga takardata.”

Ya ce Norbert yana karanta musu labarin kwalekwalen a baranda, har suka mayar da shi abin hira. Maza a kwance cikin bargo, ba mai iya cin abin kirki, suna gardamar me ya kamata a ƙara a ciki. Wani ya ce wake, wani ya ce wake ba salak ba ne. Suka yi alkawari duk wanda ya fara fita zai zo ya gani da idonsa. Ya ce, “Ba sai na shiga ba, Uwargida. Ta taga ma ya isa.”

Celia, na waiwaya na ga idanu a kanmu. Na kama hannunsa na ce, “Shigo, sanyi ake yi.”

Na ji cokula sun tsaya. Wata mata ta ja ɗanta ta ɗauki jaka. Tebur biyu suka tashi, sannan na uku. Wani ya ce da ƙarfi, “Ashe ba a gama da wannan ba?” Ban juya ba. Na kai Vernon gaban kwalekwalen, ya tsaya yana kallo kamar wanda ya shiga babbar coci. Ya ce, “Ashe da gaske ne.” Ya zuba kaɗan-kaɗan daga kowane kwano, wai don ya rubuta wa sauran yadda kowanne yake.

Yana cikin ci sai Mama ta fito daga kicin, ta ja kujera ta zauna a gabansa. Ta ce, “Ɗana, kai ne kake kusa da Norbert?”

Ya ce, “Ni ne, Mama.”

Ta ce, “Kada ka yi mini irin ta likitoci. Ya sha wuya?”

Ya ajiye cokali. Ya ce, “Ya sha, Mama. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ina riƙe da shi.”

Mama ta miƙa hannu ta kama nasa ta juya shi, tana duba tafin. Ba ta yi kuka a maƙabarta ba, kin gani da idonki. A nan ta yi, a gaban waɗanda suka rage, ba ta saki hannun ba har ƙanƙarar kwalekwalen ta fara narkewa.

Jiya Asabar mutane sun ragu sosai. Alois ya ce za su dawo, ni ban sani ba. Na gaya wa Vernon duk wanda aka sallama daga barandar nan ya zo, ta ƙofar gaba.

Saboda haka nake gaya miki tun yanzu, kafin ki shirya zuwa Kirsimeti. Muna son ganinku ƙwarai, Rosalie tana ta tambayar yaranki. Amma ki gaya wa maigidanki gaskiyar waɗanda za su iya tarar da ku a tebur. In ya ce a bar yaran a gida, ba zan ji haushi ba. Ke dai ki zo, Mama tana buƙatarki.

Ki gaishe da kowa. Allah Ya jiƙan Norbert, Ya ba mu haƙuri.

Ni ce matar yayanki,
Leona