Lakar Baban Sadiya

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina mutan gida? Ya ƙafar Inna, da sauƙi? Mu nan lafiya lau, ban da zuciya.

Na nemi izinin gini a filin ƙauyen nan da marigayi Baban Sadiya ya saya bayan garin Upper Marlboro a nan Amurka. Wurin ba ya ƙarƙashin kowane gari, kowa shi ke haƙa ramin masansa, don haka hukumar yankin ta zo gwada ƙasar. Suka haƙa rami, suka zuba ruwa, ruwan ya ƙi tsotsewa. Jami'ar ta ce, "Yi haƙuri, laka ce. Ba a gina gida a nan."

Yaya, saboda lakar nan ya sayi filin. A gabana ya dunƙula ta yana dariya, wai irin ta ginin gidansu ce a Funtuwa. Likita guda, bai tambayi kowa ba. Faɗa nake so in yi masa, babu shi.

Ku sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, amma kada ki faɗa mata tukuna. Har yanzu tana tambayar ɗakin da ya ce zai gina mata.

Ƙanwarki,
Hadiza