Kifin da Suka Dawo da Shi

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon ƙafar? Saƙon ta'aziyyarki ya iso, Allah ya bar zumunci.

Yaya, sai ranar uku na gane. Ina zaune ana ta shigowa gaisuwa, sai matar mai jirgi ta ajiye mini kwando shaƙe da busasshen kifi, wai rabon Baban yara ne daga kamun ranar da ya tafi. Na yi ta kallon kifin nan.

Kin ji abin da 'yan jirginsu suka ce: tarunsu ya maƙale a ƙasa, ya ɗaura igiya a ƙugu ya nutse don ya kwance shi, sai dodon teku ya taso ya ɗauke shi. Kowa ya yarda.

Amma shekara goma sha tara ina zaune da mutumin nan, ba shi da hira sai ta dodo, har abokansa na tsokanarsa da surukin dodo. Sau biyu ya gan shi. Ya ce bayansa kamar jerin kwale-kwale a kife yake, kuma ba ya tasowa haka kawai. Numfashinsa ne ke fara ɗumama ruwa, kifi duk su watse, sai an kwana biyu kafin a sake kama ko ɗaya. Jirgin da ya gamu da shi fayau yake dawowa. To su ina suka samo kifin da har ya kai ga rabo?

Ban gaya wa kowa ba sai ke. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata abin ƙaunata,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Mu muna nan, yara sun koma makaranta.

Kin ce in bar wa Allah. Na bar masa, Yaya, amma ki ji wannan. Jiya tsohon da ke gyara musu taru ya zo, ya ƙi zama, ya miƙa mini guntun igiya a ƙunshe cikin tsumma. Ya ce shi dai aikinsa ɗinki, bai ga komai ba, kada in ambaci sunansa. Bakin igiyar a shafe yake, irin yankan wuƙa. Baban yara ya sha faɗa mini dodo ba shi da haƙoran yanka, haɗiya yake yi, in ya ja igiya sai dai ta tsinke ta yi gashi-gashi.

Ina zaton iska ce ta taso, jirgi ya yi nauyi da kifi, suka ga jiransa zai sa su yi asara. Ban gani da idona ba, Allah ya yafe mini in na zalunce su. Amma mai jirgi, da kullum yake ce mini matar ƙanena, yanzu in ya zo ƙasa yake kallo.

Sun kawo takarda daga ofishin bakin ruwa, wai in dangwala yatsa a kan cewa dodo ne, a rufe magana. Kawun Baban yara ma ya ce kada in tada fitina a cikin mutanen da za su ɗauki yarana aiki gobe. Wannan ne ke tsaya mini a rai.

Ki zo ki raka ni ofishin, ni kaɗai ba zan iya ba. Ban dangwala ba, kuma har yanzu ban kai igiyar can ba.

Taki,
Auta