Kalmar da Mista Bulus Ya Kira Ni da Ita

Azare, Laraba da dare, 14 ga Maris, 1984

Na kasa cin tuwo. Tun Litinin sojoji ke tsare da Mista Bulus, shugabana a ofis, kan wasiƙar koke da ya aika wa jarida. Yau sun kira ni, suka nuna mini bayanin da ya rubuta. Kusa da sunana akwai wata doguwar kalmar Turanci da aka ja wa jan layi. Kyaftin ɗinsu ya ce, "Ka san ma'anarta?" Na ce a'a. Ya ce in dawo gobe.

Na kwafe ta a tafin hannuna, na kai wa Malam Gambo mai koyar da Turanci. Sai da ya buɗe ƙamus, sannan ya ce, "Abokin tunani ke nan, wanda kake juya magana da shi kafin ka yanke shawara."

Shekara shida muna hira a motarsa a hanyar Katagum, ban san haka ya ɗauke ni ba. Da bara na ji, da na yi murna. To gobe in ce ban san shi sosai ba? Na yi alwala sau biyu, tawadar ta ƙi fita.