Gashin da Aka Kai Asibiti

Orozo, Litinin

Zuwa ga 'yata Uwani,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki a Wuse? Malam Abdulhakim ke rubutawa, ni nake faɗa.

Tun shekarar cutar bushiya, da shanuna goma sha tara suka mutu a mako guda, na jefar da taba. Ba a ma haife ki ba. To matan asibitin nan da suka zo watan jiya suna karɓar gashin yara masu tari sun dawo da takarda, wai an sami taba a gashin 'yarki Khaula. Yarinya 'yar shekara shida! Na ce a ina ta saya? Suka ce ba sha take yi ba, hayaƙin wani take shaƙa, gashi kuma yana ajiyewa. Gashi rumbu ne? Ni dai na san maganar nan ba za ta yiwu ba, kada ki tambaye ni dalili. Ga takardar nan, ki duba.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki, Bappayo

Wuse, Laraba

Baba,

Barka da war haka, ya jiki? Na nuna wa maƙwabciyata Sista Mabel, nas ce. Ta ce ko a kwandastan Mararaba mai shan kwali biyu a rana ba ta taɓa ganin lamba irin wannan ba. Baba, ban yi barci ba. Na bar maka ita ne don ka ce gidan ya yi maka shiru tun rasuwar Inna. Ranar Asabar zan zo in ɗauke ta. Ka yi haƙuri.

'Yarka, Uwani

Orozo, Alhamis

Uwani,

Bayan gaisuwa, ki dakata. Ba gashinta ba ne.

Mu ba ma ba baƙo gashin yaro. Da shi ake asiri, na gani da idona a kan matar ƙanena. Da suka fito da almakashi na ce su jira a waje, zan yanko da kaina. Na zaga wurin shanu a bayan gida na yanko daga jelar baƙar saniya, na sa musu a ambulan.

Yanzu abin da ya ɗaure mini kai: saniyar ce ke shan taba? Kwana uku ina bin ta da ido. Ciyawa kawai take ci. Khaula ta ce, "Kaka, wataƙila a ɓoye take sha." Malam Abdulhakim yana dariya, na ce ya rubuta kawai.

Babanki

Wuse, Juma'a

Baba,

Ina gaisuwa. Haba Baba! Da me kake wanke wa shanunka kaska? Ba ganyen taba kake jiƙawa ba? Sista Mabel ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Amma ni ban yi ba. Tarin Khaula na gaskiya ne, kuma na san amininka Baba Thaddeus kullum yana zaune a rumfarka da sigarinsa, ita tana gefe tana jin labari. Ko ka ba su gashinta na gaskiya a sake awo, ko in zo gobe da yamma. Kuma ba sa mayar da gashin, narkar da shi suke yi. Gara ka sani.

'Yarka mai biyayya, Uwani

Orozo, Juma'a da la'asar

Uwani,

Na ji. Har yanzu ban gane yadda gashi ke shan hayaƙi ba. Na faɗa wa Thaddeus, ya kashe sigarin da ƙafa.

Kada ki zo. Gobe da sassafe zan goya ta a mashin mu tafi asibitin. Ni zan riƙe almakashin. Zan kuma yanki gemuna in sa a ambulan ɗaya da nata, in akwai wani abu a cikin aikin nasu, ya fara da ni.

Allah ya tsare.
Babanki, Bappayo