Kwanon da Kuka Sa Na Riƙe a Gaban Kyamara

Zuwa ga Shugaban gidan talabijin ɗin da ya aiko ma'aikata kasuwarmu a kakar bana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna lafiya. Yaya aiki, yaya haƙuri da wannan tsada? Allah ya kawo mana sauƙi.

Sunana Habibu. Shekara goma sha tara ina awon hatsi a Getso, kuma har zuwa watan jiya ni ne magatakardan kwamitin 'yan hatsi na kasuwarmu, don ni ne na gama sakandare a cikinmu. Ban faɗi sunan gidanku ba, kun san kanku. Ina da al'adar rubuta abin da ya same ni kowace rana a littafi, saboda ban cika yarda da ƙwaƙwalwata ba. Daga littafin na ciro abin da zan faɗa.

Na ɗaya. Tun da aka dawo da shari'a, kwamitinmu yake ajiye kwano guda na gwaji, wanda ake gwada kwanon kowane mai awo da shi. Mai son zalunci yakan bubbuge gindin kwanonsa ya shige ciki, ido ba ya ganewa, amma awo ya ragu. In aka kama irin wannan a ƙwace, a ba magatakarda ya ajiye. Ranar da ma'aikatanku suka zo rahoto a kan tsadar gero da dawa, akwai guda shida a buhu a rumfata.

Na biyu. Malamar da ta zo ɗaukar rahoton mutuniyar kirki ce, ta gaishe ni da girmamawa. Ta roƙi in nuna wa jama'a yadda ake tauye mudu don su kiyaye. Na yi bayani a tsaye, na faɗi muƙamina, na ɗaga kwanon gwaji da bugagge na nuna bambanci. Daga nan mai kyamara ya ce in zauna in auna gero da bugaggen, kada in yi magana, in yi kamar ba sa nan. Sau uku ya sa na maimaita. A na ukun ya ce, "Malam, ai hannun nan naka kamar ya saba." Na yi dariya. Na daɗe ina tunanin wannan dariyar. Wataƙila da ban yi ba, da abin bai kai haka ba.

Na uku. An ce kun sa cikakken rahoton a labaran yamma. Ban musa ba, amma ban gani ba, kuma ban samu wanda ya gani ba. A makon da kuka sa shi babu wuta a unguwarmu, kuma ba wanda zai ƙona fetur a janareta don kallon labarai. Abin da mutanenmu suka gani shi ne wanda kuka sa a shafinku na intanet washegari, wanda bai kai minti ɗaya ba. Babu bayanina, babu kwanon gwaji. Ga ni zaune ina zuba gero a bugaggen kwano ina dariya, a sama an rubuta a zo a ga yadda masu awo ke cutar talaka. Kafin Juma'a ya shiga wayar kowa daga Gwarzo har Kabo. Surukina a Gammo ya kira ni, bai ma tsaya gaisuwa ba.

Na huɗu. Sau biyu ina hawa mota zuwa Kano, ka kuwa san yadda kuɗin mota ya zama. Zuwan farko na wuni a benci ban ga kowa ba. Na biyu aka haɗa ni da shugaban sashen intanet. Bai wulaƙanta ni ba, har ruwa ya sa aka kawo mini. Ya ce mai waya ba ya haƙurin kallon abu mai tsawo, kuma data ta yi tsada, don haka sukan yanko wurin da zai kama ido. Ya ce wanda ya rubuta kanun bai kalli rahoton gaba ɗaya ba, guntun kawai aka miƙa masa, haka tsarin yake saboda sauri da ƙarancin ma'aikata. Na ce to a cire. Ya ce ba a cire abin da ke tafiya, a watan nan babu wanda aka kalla kamarsa. Ya faɗi haka cikin fara'a, kamar albishir yake mini.

Abin da ya yi shi ne ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin bidiyon, cewa gwaji ne. Na gode masa a lokacin. Sai a mota na tuna cewa wanda ke yawo a wayoyi ba ya tafiya da wani rubutu a ƙasansa. Yawancin masu sayen hatsina ma ba karatun boko suke yi ba.

Na biyar. 'Yan kwamiti suna wurin lokacin da aka ɗauki bidiyon, sun san gaskiya. Duk da haka suka zauna suka ce in miƙa kwanon gwaji da buhun, har ƙura ta lafa, don mutanen ƙauye ba za su yarda da gwajin da aka yi a hannuna ba. Na duba maganar ta kowane ɓangare ban ga inda suka yi kuskure ba. Na miƙa. Limaminmu ya yi huɗuba a kan tauye mudu, bai kama suna ba. Mai yiwuwa ya daɗe da shirya ta. Amma na ga waɗanda suka waiwayo.

Ranka ya daɗe, a wannan lokaci da magidanci ke sayen rabin kwano ya kai gida, babu laifin da mutane suka tsana kamar wannan, kuma da gaskiyarsu. Mai awo ba shi da jarin da ya wuce yarda. Na yi ta tambayar kaina ko ni ne na yi wauta da na zauna na auna. Na amince da nawa kason. Amma ni ban san akwai labarin talabijin daban, na waya daban ba, kuma ba wanda ya gaya mini.

Ga roƙona. Ku cire guntun. Ku sa cikakken a shafin, da murya a farkonsa da ke cewa wane ne ni. Ku hana wanda bai kalli rahoto ba rubuta masa kanu. Kuma in kun sa mutum ya kwaikwayi laifi, ku rubuta hakan a jikin hoton kansa, yadda zai bi shi duk inda aka tura.

Ba na zaton za a yi, kuma ko an yi ban ga abin da zai dawo ba. Akwai wata malamar firamare, Madam Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna. Shekara goma sha biyu tana sayen wake a wurina, tana hira da maƙwabciyar rumfa ina aunawa, ba ta taɓa duban hannuna ba. Ita ce ta fara zuwa ta ce mini ta san ƙarya ce, har ta yi faɗa da abokan aikinta a kaina. Ranar kasuwar da ta wuce ta zo kamar kullum, muka gaisa, ta tambayi yara. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da kwanonta na gida, ta ce in yi haƙuri, maigidanta ne ya ce. Na karɓa na auna mata.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka mutuncinka da na 'ya'yanka, kada ya sa a yanko minti ɗaya daga rayuwarka a nuna wa duniya.

Wassalam.

Habibu mai awo,
Getso.